Burushi da Bindiga: Matsayin Zanen Tsuntsaye a Rayuwar Peter Scott (1909–1989)

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala muna so mu duba tarihin wani mutumin Ingila mai suna Peter Scott, wanda ya haɗa abubuwa biyu tun yana yaro har mutuwarsa, watau son namun daji, musamman tsuntsayen ruwa, da kuma zana su da fenti. Abin da ya sa muka zaɓe shi shi ne wani ra'ayi da aka saba ji, cewa duk wanda ya zauna ya ƙura wa dabba ido har ya iya zana ta, to ba zai iya ɗaga hannu ya kashe ta ba. Ra'ayi ne mai daɗin ji, amma tarihi bai goyi bayansa ba. Scott ya yi fiye da shekara ashirin yana harbin dinya da asuba, ya komo gida da hantsi ya zana 'yan uwanta. Saboda haka tambayar da za mu bi ita ce: in zane bai hana shi harbi ba, me ya yi masa, kuma me ya yi wa tsuntsayen?

2. Al'adar da ya gada

Kafin a sami madubin hangen nesa mai kyau da kyamara mai saurin ɗauka, mai zanen tsuntsu ba shi da wata hanya ta ganin gashinsa da launin idonsa sai ya riƙe shi a hannu, tsuntsun daji kuwa ba ya yarda a riƙe shi da rai. Don haka galibin masu zanen tsuntsaye na ƙarni na 18 da na 19 ko dai maharba ne, ko kuma abokan cinikin maharba. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne John James Audubon (1785–1851), mai littafin Birds of America, wanda aka buga kashi-kashi tsakanin 1827 da 1838, da zane 435, kowane tsuntsu bisa ainihin girmansa. Dabararsa ita ce ya harbo tsuntsu, ya soka masa wayoyi ya kafe shi a jikin allo cikin siffar mai tashi ko mai kiwo, sa'an nan ya yi sauri ya zana kafin launi ya dushe, gawa ta soma wari. Ba wanda zai dubi zanen nan ya ce mutumin ba ya son tsuntsaye. Amma so ne irin na mai tarawa, wanda bukatarsa ita ce ya mallaki kowane iri a kan takarda. Cikin waɗanda ya zana akwai wata kurciyar daji ta Amurka da ke tashi garke-garke har ta rufe rana, wadda ta ƙarshe a irinta ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914.

Akwai kuma wata jijiya ta wannan al'ada da ta shiga gidan su Scott kai tsaye. Mahaifinsa, Kyaftin Robert Falcon Scott, shi ne jagoran ayarin Ingila da ya isa tsinin duniya na kudu ran 17 ga Janairu 1912, ya tarar Roald Amundsen na Norwe ya riga shi da wata guda da 'yan kwanaki. A hanyar komowa yunwa da sanyi suka kashe su. Ɗaya daga cikin waɗanda suka mutu tare da shi a tanti guda shi ne Edward Wilson, likita ne kuma gwanin zanen tsuntsaye da fentin ruwa. A wasiƙar ƙarshe da Kyaftin Scott ya rubuta wa matarsa Kathleen, ya roƙe ta ta yi ƙoƙari ta sa yaron ya so nazarin halittu, domin a ganinsa ya fi wasanni amfani. Yaron yana da shekara biyu da rabi a lokacin. Uwar kuwa ƙwararriya ce wajen sassaƙa mutum-mutumi, a Faris ta yi koyo. Ke nan wasiyyar uba ta tura shi wajen dabbobi, hannun uwa ya tura shi wajen zane, kuma ba mu ga alamar ya taɓa ɗaukar su abubuwa biyu dabam ba.

3. Maharbi mai zane

A Jami'ar Kambirij ya fara da kimiyyar halittu, daga baya ya koma tarihin zane, ya gama a 1931, sa'an nan ya ƙara koyon aikin hannu a Munik ta Jamus da kuma Landan. Amma makarantarsa ta gaskiya ita ce bakin tekun gabashin Ingila, inda ake kira Wash, wuri mai faɗi na laka da ciyawar gishiri wanda dubban dinya ke sauka da hunturu. Can ya koyi wani irin farauta da ya kamata mu bayyana, domin ba a fahimtar zanensa sai da shi. Maharbi yakan kwanta rub da ciki a cikin wani siririn kwalekwale, da wata ƙatuwar bindiga a ɗaure a goshin jirgin, ya yi ta turawa a hankali cikin duhun asuba da sanyi mai ratsa ƙashi har ya matso kusa da garke. Harbi ɗaya ne, amma yana iya zubar da tsuntsaye da yawa. Sau da yawa kuma garken yakan ankara ya tashi, a komo hannu wofi.

Wanda ya yi irin wannan kwanto sa'o'i da yawa, abin da idonsa ya fi sani shi ne sararin sama, da yadda haske ke sauyawa a kan ruwa, da siffar garke in ya keta gajimare. Shi ne kuwa abin da Scott ya zana. A zanen Audubon tsuntsu ɗaya ne ko biyu suka cika takarda, ana iya ƙirga gashin fiffike. A na Scott sama ce ta cinye yawancin fili, dinya kuwa jere suke suna saukowa, wani lokaci baƙin inuwarsu kaɗai ake gani. Ba shi ya fara wannan salo ba. Bruno Liljefors na Suwidin (1860–1939), shi ma maharbi, ya riga shi zana dabba a cikin muhallinta. Amma Scott ne ya kai shi gidajen talakawan Ingila. Ya yi baje kolinsa na farko a Landan a 1933, aka saye, aka kuma shiga buga kwafe-kwafe ana rataya su a ɗakuna. Littattafansa biyu, Morning Flight (1935) da Wild Chorus (1938), labarin farauta ne da zane a haɗe.

Ya kamata mu faɗi gaskiya game da darajar wannan zane. Masu sharhin zane na zamaninsa ba su sa shi cikin manya ba, kuma muna ganin suna da hujja: da ya gano abin da kasuwa ke so, ya yi ta maimaita shi, dinya da jan gajimare, dinya da farin wata. Mai neman sabon abu a fasahar zane ta ƙarni na 20 ba zai same shi a nan ba. Amma kuma duk wanda ya san tsuntsayen zai shaida cewa bugun fiffiken daidai yake, kuma ana iya gane irin dinyar ko da ɗigo ce a can nesa. Wannan daidaito shi ne jarinsa, kuma shi ya yi aiki daga baya.

Daga 1933 zuwa 1939 ya zauna a wata tsohuwar hasumiyar jiragen ruwa a bakin kogin Nene, kusa da Sutton Bridge. Nan ne muke ganin farkon sauyi. Ya soma tara dinya masu rai a cikin shinge domin ya riƙa kallonsu yana zane, waɗansu ma waɗanda harbi ya raunata ne aka yi jinyarsu. Kukansu ya riƙa jawo na daji suna sauka. A 1936 wata ƙaramar dinya mai jan ƙafa ta sauka ita kaɗai ta zauna, ya sa mata suna Anabel. Da lokacin ƙaura ya yi ta tashi ta nufi arewa, da kaka ta zagayo sai ga ta ta komo. Ga maharbi, dinya dinya ce, wadda ya harbe yau da wadda zai harba gobe duk ɗaya. Ga wanda ya zana wata dinya guda har ya san tafiyarta, ya kuma yi wata da watanni yana tunanin ko wani maharbi ya same ta a hanya, lissafin ya fara rikicewa. Duk da haka bai ajiye bindiga ba a lokacin.

A yaƙin duniya na biyu ya yi aikin sojan ruwa, har can ma idon mai zane ya yi amfani, domin shi ya ba da shawarar a shafa wa jiragen yaƙi farin fenti da shuɗi da kore masu haske maimakon toka mai duhu, saboda ya lura cewa da dare abu mai duhu ne ke fitowa fili a gaban sararin sama. Aka karɓi shawarar ga jiragen da ke rakiya a tekun Atlantika.

4. Slimbridge

A Disamba 1945 ya je bakin kogin Severn, a wani ƙauye mai suna Slimbridge, domin kallon garken dinya masu farin goshi. Cikin dubbansu ya tsinto guda biyu na wani iri ƙarami da ba a cika gani a Ingila ba, wanda bambancinsa da sauran bai wuce gajeren baki da wani siririn zobe rawaya da ya kewaye ido ba. Irin wannan tsintuwa sai wanda ya saba zana kan dinya. A Nuwamba 1946 ya kafa ƙungiyar kula da tsuntsayen ruwa a wurin, wadda a yau ake kira Wildfowl and Wetlands Trust. Akwai wani tsohon tarkon agwagi a filin, tafki ne mai rassa da aka lulluɓe da raga, wanda a dā ake kama agwagi da shi don kasuwa. Aka gyara shi aka ci gaba da kamu, sai dai yanzu zobe mai lamba ake sa wa tsuntsu a ƙafa a sake shi. Haka kuma ya ƙirƙiro harba raga da roka a kan garken dinya, dabarar maharbi ke nan aka juya ta. A 1951 ya tafi tsakiyar Aisilan tare da James Fisher, suka sa wa dinya masu jan ƙafa zobe a inda suke ƙyanƙyasa, domin a san hanyarsu da yawansu.

A farkon shekarun 1950 ne ya daina harbi. A tarihin rayuwarsa da ya buga a 1961, The Eye of the Wind, ya ba da labarin wata dinya da aka harba ta faɗa kan wani yashi mai nutsar da mutum, ƙafafunta a karye, ba mai iya isa gare ta ya ƙarasa ta, aka wayi gari tana nan da rai. Muna ganin kuskure ne a ɗauki wannan dinya ɗaya a ce ita ce dalili. Ya sha ganin tsuntsu mai rauni a shekara ashirin na farauta. Abin da ya sauya shi ne mai kallon: mutum ne da yanzu yake kwana yana tashi a tsakiyar tsuntsayen da ya san su ɗaya-ɗaya, yana kuma roƙon jama'a kuɗi don kare su. Ya kamata a lura kuma cewa bai zama abokin gābar maharba ba. Ya ci gaba da zama da su, yana ganin ana bukatarsu wajen kiyaye fadamu.

Zanen ne ya riƙe wannan aiki ta fuskar kuɗi da suna a shekarun farko. Mutanen da suka rataya dinyarsa a bango su ne suka fara biyan kuɗin shiga ƙungiya. Da ya soma shirin talabijin na BBC mai suna Look a 1955, wanda ya kai har 1969, yakan ɗauki alƙalami ya zana tsuntsu a gaban masu kallo cikin 'yan daƙiƙu. A 1957 ya fitar da wani ƙaramin littafi mai zanen dukan agwagi da dinya na duniya cikin launi, don mai kallo ya gane abin da ya gani ba tare da ya harbo shi ba. A Slimbridge ɗin ne kuma aka hayayyafa dinyar Hawai, wadda ta ragu zuwa wajen 30 a duniya a farkon shekarun 1950, har aka soma mayar da 'ya'yanta tsibirin Maui a 1962.

Da aka kafa Asusun Kula da Namun Daji na Duniya, watau WWF, a 1961, Scott na cikin waɗanda suka kafa shi, kuma shi ya zana tambarinsa, dabbar nan fanda ta ƙasar Sin, bisa zayyanar farko da Gerald Watterson ya yi. Ɗaya daga cikin dalilan zaɓenta shi ne baƙi da fari ce, buga ta ba tsada. Ba mu tsammanin akwai wani zanen dabba na ƙarni na 20 da idanu suka gani kamar wannan, ko da yake shi ne mafi ƙanƙanta cikin ayyukansa. Shi ne kuma ya jagoranci fito da jajayen littattafan nan na ƙungiyar IUCN a shekarun 1960, masu jera halittun da ke bakin ƙarewa.

A nan akwai wata 'yar alaƙa da ƙasarmu da ta cancanci ambato. Yarjejeniyar kare fadamu da aka sa wa hannu a Ramsar ta Iran a 1971, masanan Slimbridge, musamman Geoffrey Matthews, na cikin waɗanda suka yi mata aikin share fage. Fadamar Haɗeja da Nguru ita ce wuri na farko da Nijeriya ta sa a ƙarƙashinta, kuma cikin baƙin da ke sauka can da Tafkin Chadi lokacin hunturu akwai agwagwar nan mai tsinin wutsiya, wadda Scott ya so har ya sa wa 'yarsa tsohon sunanta na kimiyya, Dafila.

5. Bakin suwan

Inda zane da nazari suka zama abu ɗaya sosai shi ne a kan wata babbar farar tsuntsuwa mai dogon wuya, 'yar uwar dinya, da Turawa ke kira suwan. Irin da muke magana a kai ana kiransa suwan na Bewick, kuma abin sha'awa shi ne sunan wani mai zanen tsuntsaye ne aka ba shi, Thomas Bewick (1753–1828). Yana ƙyanƙyasa a can arewacin Rasha, ya yi tafiyar dubban kilomita zuwa yammacin Turai da hunturu.

Ɗakin zanen Scott yana da wata babbar taga mai kallon tafki. A Fabrairu 1964 waɗansu suwan na daji suka fara sauka a tafkin. Da ya zauna zai zana su, sai ya lura cewa rabon baƙi da rawaya a bakin kowanne dabam yake da na ɗan uwansa. A wani rawayan ya haɗe ta saman baki, a wani baƙin ya ratsa tsakiya tun daga tsini har goshi, a wani kuma ɗigon rawaya ne baƙi ya kewaye. Sai shi da iyalinsa, musamman Dafila tun tana yarinya, suka shiga zana bakin kowane suwan ta fuska uku, gaba da dama da hagu, a ba shi suna, a rubuta ranar zuwansa da abokin zamansa da yawan 'ya'yan da suka zo da su. Da hunturu ya zagayo sai a buɗe littafi a gwada.

Muhimmancin wannan shi ne an sami hanyar bin rayuwar tsuntsun daji guda shekara da shekaru ba tare da an kama shi ba, balle a kashe. Mutane da yawa sun kalli suwan kafin 1964, masana kuma sun auna gawarsa a gidajen adana kayan tarihi. Amma mai aunawa yana neman abin da ya haɗa iri ne, mai zane kuwa dole ya yanke shawarar inda burushi zai tsaya da rawaya ya fara baƙi a kan wannan tsuntsu da ke gabansa. Tilas ɗin nan ce ta buɗe ido. Aikin ya ci gaba bayan mutuwarsa, an rubuta suwan fiye da 10,000, yana kuma cikin nazarce-nazarce mafi daɗewa da aka yi a kan iri ɗaya na tsuntsu. Daga nan aka tabbatar cewa miji da mata sukan zauna tare har ɗaya ya mutu, rabuwa da rai ba ta fi a ƙirga da yatsu ba cikin dubban aure, kuma waɗanda suka daɗe tare sun fi raya 'ya'ya. Da aka soma ɗaukar hoton cikin jikin waɗanda aka kama don sa zobe, sai aka tarar kusan ɗaya cikin uku na ɗauke da harsashi a naman jikinsa, alhali doka ta hana harbinsu a duk ƙasashen da suke ratsawa. Yawansu a arewa maso yammacin Turai ya kai wajen 29,000 a 1995, ya sauko zuwa wajen 18,000 a 2010.

6. Inda ido ya wuce gona da iri

Wannan baiwa tana da nata haɗari, kuma Scott ya faɗa cikinsa a bainar jama'a. An daɗe ana jita-jitar wata ƙatuwar dabba a tafkin Ness na Sikotilan. A 1972 ayarin wani Ba'amurke, Robert Rines, ya ɗauko waɗansu hotuna a ƙarƙashin ruwa, dishi-dishi, da aka ce suna nuna wani abu mai kama da filafilin dabba. A Disamba 1975 Scott da Rines suka buga bayani a mujallar kimiyya ta Nature, suka raɗa wa dabbar suna na kimiyya, Nessiteras rhombopteryx. Hujjarsu ita ce dokar kare namun daji ba ta iya kare abin da ba shi da suna. Scott ya kuma zana dabbobin guda biyu suna iyo, da dogon wuya da filafilai, cikin irin gwanintar da ya saba. Daga baya ta bayyana cewa an gyara hotunan kafin a buga su, na asali ba su nuna abin da aka ce ba, kuma har yau ba a sami wata shaida ta dabbar ba.

A wajen suwan, hannunsa ya rubuta abin da ido ya gani ne ta taga, da rana, sau ɗari. A tafkin Ness kuwa hannun ya cike gurbin abin da ba a gani ba, kuma saboda mutane sun saba gaskata zanensa, zanen ya ba jita-jita nauyin da hotunan ba su da shi. Shekara biyu kafin wannan, a 1973, aka ba shi sarautar Sir saboda aikin kare halittu, don haka sunan da ya jingina wa lamarin ba ƙarami ba ne.

Ya mutu a Bristol ran 29 ga Agusta 1989, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 80. Zanen da ya bari bai gama ba a ɗakinsa na wata fadama ce wadda ba ta wanzu ba tukuna, wadda yake so a yi a wurin waɗansu tsofaffin matattarar ruwan sha a unguwar Barnes ta Landan. An buɗe fadamar a shekara ta 2000.